Tudun duwatsu a gefen gona: me ke ciki, kuma yaya masana ke tona shi?

Tambayar ta wani dattijo ce, manomi a ɗaya daga ƙauyukan Hausawa na yankin Sinnar a ƙasar Sudan. Ya ce a gefen gonarsa akwai wani zagayayyen tudu lulluɓe da duwatsu, tun zamanin iyaye ake kewaye shi da garma, maƙwabta kuma suna ce masa kabarin Anaj. Yanzu samari sun zo da jihaz, wato na'urar gano ƙarfe ta masu neman zinariya, sun ce ya yi ƙara a wurin, suna son ya yarda a haƙa a raba abin da aka samu. Yana so ya sani: me ake samu a irin wannan tudu, da zinariya kuwa? Kuma me ya raba haƙar samari da tonon mutanen asar, wato ma'aikatan kayan tarihi, masu zuwa da buroshi, tunda duka biyun buɗe kabari ne?

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ilimin kufai na karanta, a kansa kuma nake aiki, don haka zan faɗa muku abin da ido ya gani da abin da aka tabbatar. Roƙona na farko shi ne kada ku yarda a sa ko da fartanya a tudun nan. Ga dalilaina.

Ba kowane tudu ne kabari ba. Wani kufan gari ne, inda mutane suka zauna shekaru aru-aru, toka da shara da ginin da ya rushe suka taru har wurin ya tashi. Irin wannan yakan yi faɗi, ba ya da tsari, samansa cike da tsingaro da gutsattsarin dutsen niƙa da ƙwanson katantanwa. Na kabari kuwa za ku gan shi a zagaye kamar an auna, sau da yawa da zoben duwatsu a gindinsa, kuma da wuya ya zama shi kaɗai. Ku duba nesa kaɗan, za ku iya ganin wasu ƙanana da garma ta riga ta baje. Yadda kuka siffanta naku, ya fi kama da na kabari. Shekarunsa kuwa ba a faɗa daga gani, domin a ƙasar nan an daɗe ana tara ƙasa da dutse a kan mamaci. An yi a Karma da ke arewacin Sudan shekara 4,000 da suka wuce, an yi wa kakannin sarakunan Kush a Kurru, aka sake komawa gare shi sosai bayan faɗuwar daular Marawi ta Bajarawiyya, tsakanin wajen shekara ta 350 zuwa 550 Miladiyya, kafin Kiristanci ya shigo daulolin Nuba ya canja yadda ake binnewa. Sunan Anaj da maƙwabtanku ke faɗa, haka ake laƙaba shi ga kusan duk wani tsohon kabari a tsakiyar Sudan wanda ba a san masu shi ba.

Maganar zinariya ita ce ta fi cin ran samari. Mafarkin yana da asali. A 1834 wani Ba'italiye mai suna Giuseppe Ferlini ya rushe dalar sarauniya Amanishakheto a Bajarawiyya, ya sami kayan adonta na zinariya, waɗanda yau suke Munich da Berlin a Jamus. Amma wannan kabarin sarauniya ne a babban birnin daula. Tudun da ke gefen gonar manomi, mafi yawan lokaci abin da ke ƙarƙashinsa shi ne mutum ɗaya a ƙudundune, da tukwane biyu ko uku, da tsakiyar ado ta ɓawon ƙwan jimina, wataƙila da kawunan kibiya na ƙarfe da zoben dutse irin wanda maharba ke sawa a babban yatsa. Jihaz yana ƙara a kan tsatsar kibiya kamar yadda yake yi a kan tagulla ko guntun garmar da ta karye a gona. Sannan abin da samari ba su sani ba, an riga su. Manyan kaburburan nan kusan duka an fasa su tun a zamanin da, wani lokaci ma kafin gawar ta gama ruɓewa, kuma waɗanda suka fasa sun san daidai inda wuya da hannun mamacin suke. A Zuma kusa da Karima, inda masanin nan ɗan ƙasarmu Mahmud al-Tayyib ya daɗe yana jagorantar aiki tare da 'yan Poland, manyan tuddai ne na masu mulki, amma ɓarayin wancan zamani sun riga sun shiga. In a tudunku kun ga tsakiyar ta ɗan lotsa, to alamar ramin tsohon ɓarawo ke nan.

Kun kuma ji abin da ya faru a Jabal Maraga cikin hamadar Bayuda a 2020. Masu neman zinariya suka shiga da injinan haƙa, suka yi rami mai zurfin mita 17 a wurin da ya kusa shekara 2,000. Ma'aikatan asar sun iso sun tarar babu sauran abin da za a karanta.

Yanzu ga tambayarku ta biyu, wadda ita ce ta fi nauyi. Gaskiya ne, mu ma in muka tona tudu, ya tafi ke nan, ba mai mayar da shi yadda yake. Bambancin yana ga abin da ake nema. Mai jihaz kaya yake nema. Mu kuwa abin da muke bi shi ne inda kowane abu yake kwance, da abin da ke samansa, da abin da ke ƙarƙashinsa. Tukunya ɗaya a hannun ɗan kasuwa tukunya ce kawai. Tukunyar nan a gefen ƙafar wata mace mai shekara arba'in, da ƙashin akuya a ciki, ƙarƙashin shimfiɗar ƙasar da ba a taɓa ba, ita ce ke gaya mana zamanin da aka yi binnewar, da abin da mutanen ke kiwo, da yadda suke girmama matansu. Da zarar an ɗaga ta ba a rubuta ba, wannan sanin ya ɓace har abada, ko da tukunyar ba ta fashe ba.

Shi ya sa aikin ke jan lokaci. Ana yin sa ne da sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Kwanakin farko ba a haƙa komai. Ana auna tudun, a zana taswirarsa, a ɗauki hotonsa daga ƙasa da sama, a tsince abin da ke fili a rubuta inda aka tsince shi. Daga nan a ja igiya biyu su gicciye a tsakiya, tudun ya rabu huɗu. Sai a fara sauke kashi biyu masu kallon juna ta kusurwa, a bar sauran biyun a tsaye. Amfanin haka shi ne bangon da ya rage yana nuna cikin tudun daga sama har ƙasa, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ku ɗauka rumbu ne da aka yi shekaru ana zuba hatsi ba a kwashe ba: na bara yana ƙasa, na bana yana sama, in kuwa kuka ga na bana a can ƙasa to wani ya zura hannu. Haka muke gane ramin ɓarawo, haka muke gane kabarin da wasu mutanen daban suka zo suka cusa a gefen tudun bayan ɗaruruwan shekaru, abin da ke faruwa sosai.

Ma'aikata, waɗanda yawanci 'yan ƙauyen da ke kusa ne ake ɗauka a biya su, suna sauke ƙasar sama da turiya, wato babbar fartanya, da kwando, kuma kowane kwando sai ya bi ta rariya, don tsakiyar adon da ba ta kai ƙwayar gero ba ma ana son ta. In aka kai asalin fuskar ƙasa, wato inda masu binnewar suka taka da ƙafarsu, sai a share ta tas. A nan bakin kabarin ke bayyana, domin ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar ba ta komawa launin wadda ba a taɓa ba, ko bayan shekara dubu uku. Tsofaffin ma'aikatan da suka daɗe a aikin sukan ji bambancin a hannu tun kafin ido ya gani. Daga nan an ajiye turiya, sai cokalin magini, sai buroshi, sai tsinken itace in an zo kusa da ƙashi, don ƙarfe yana karce shi. Ba a ɗaga ko yatsa ɗaya sai an tone gawar duka tana kwance yadda aka ajiye ta, an ɗauki hoto da ma'auni da kibiyar da ke nuna arewa, an zana, an ba kowane abu lamba. Mutum ɗaya na iya cin kwana biyu ko uku.

A yankinku akwai wata wahala ta daban. Baƙar lakar nan ta Jazira da Sinnar da Gadarif, mai kumbura da damina ta tsage da rani, tana murƙushe ƙashi, kuma ƙananan abubuwa sukan faɗa ta tsagar su gangara ƙasa su ruɗa mai karatu. Ƙashin da ke cikinta yakan zama kamar ya cika, amma da an taɓa shi da gaggawa sai ya zube gari. A arewa, inda yashi ne busasshe, akan sami gawa da fata da gashi da takalmin fata a ƙafa. Wato naku ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi loda, wato motar haƙa, zai fi saurin hallakawa.

Bari in ba ku labarin Karma, kusa da gangaren Nilu na uku, don ku ga abin da tudu ke iya faɗa. Daula ce da ta rayu daga wajen 2500 zuwa 1500 kafin Miladiyya, ba ta bar rubutun kanta ba, kusan duk abin da aka sani game da ita daga ƙasa ya fito. Maƙabartarta ta gabas tana da kaburbura dubbai masu yawa. Suna kwantar da mamaci a gefen dama, ƙafafu a naɗe, kai a gabas, fuska na kallon arewa, da farko a kan fatar sa, daga baya a kan gado mai ƙafa huɗu da duk wanda ya gani zai ce angarib ne. Suna yi wa tudun ado da baƙaƙe da fararen duwatsu, sannan a kudancinsa su jera ƙoƙon kan shanu da ƙahoninsu a siffar jinjirin wata. Akwai kabari ɗaya da aka ƙirga sama da 4,000 a gefensa. Wasu ƙahonin an lanƙwasa su da gangan tun san yana maraƙi, al'adar da har yau ake gani wurin makiyayan Dinka da Nuwer. Ku da kuka san darajar sa ɗaya, ku auna mutumin da aka yanka wa wannan adadi. Tuddan sarakunan ƙarshe sun kai mita 90 a faɗi, kuma a ɗaya daga ciki George Reisner, Ba'amurken da ya tona wurin daga 1913 zuwa 1916, ya ƙirga gawar mutum 322 a wani dogon lungu, waɗanda aka binne tare da sarki. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma shi ma tarihi ne da ya kamata a sani.

Reisner ya sami mutum-mutumin wata Bamisiriya mai suna Sennuwy a cikin ɗaya daga manyan tuddan, sai ya yanke cewa Karma sansanin Masar ce, gwamnonin Fir'auna ne ke kwance a wurin. Zamaninsa bai yarda baƙar fata za su iya gina daula irin wannan ba. Daga baya aka gane mutum-mutumin ya girmi kabarin da ɗaruruwan shekaru, ganima ce da mutanen Karma suka kwaso daga Masar. Aikin Charles Bonnet, ɗan Switzerland da ya fara tonon birnin a 1977, ya tabbatar daula ce ta 'yan ƙasa mai fada da ganuwa da wuraren ibada. Abin lura a nan shi ne, da takardun Reisner kansa aka gyara fassarar Reisner, domin ya rubuta inda ya sami kowane abu. Wanda ya tona ya rubuta, ko ya fassara ba daidai ba, ya bar wa na baya hanyar gyara. Ramin loda ba ya barin ko wannan.

Kusa da ku ma akwai darasi. Jabal Moya, dutsen da ke yamma da Sinnar wanda kowa ya ji sunansa a yaƙin nan da ya ɓarke a 2023, a can wani attajirin Ingila mai harkar magunguna, Henry Wellcome, ya yi tono daga 1911 zuwa 1914, 'yan shekaru kaɗan bayan kakanninmu sun sauka a garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Ya ɗauki ma'aikata dubbai, aka buɗe kaburbura kusan 3,000. Yawan hannu da gaggawa suka sa rubutun bai kai girman aikin ba, rahoton bai fito ba sai 1949, kaya da yawa sun lalace a ɗakunan ajiya a Ingila. Sai a 2017 masana daga Landan da Jami'ar Khartum suka koma da ƙananan ramuka don warware abin da ya cuɗe. A ganina rami ɗaya da aka yi a tsanake ya fi ɗari na gaggawa amfani.

Bayan fili sai ɗakin gwaje-gwaje, kuma can ne rabin aikin. Ƙashin ƙugu da ƙoƙon kai suna nuna namiji ne ko mace, haƙora da haɗuwar gaɓoɓi suna nuna shekaru, karayar da ta warke tana nuna an yi jinyar mutum. Shekarun kabari kuwa da gwajin kabon 14 ake sani: duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, in ya mutu ya daina, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabi na tafiya duk shekara 5,730. Zafin ƙasarmu yana cinye sinadarin ƙashi da aka fi gwadawa, don haka sau da yawa gawayi ko ɓawon ƙwan jimina ko ƙwayar hatsi ake nema, kuma ba su da amfani sai an san shimfiɗar da suka fito. A Khidai, kudu da Omdurman a bakin Farin Nilu, an kankare dattin da ya daskare a haƙoran mutanen da wasunsu suka haura shekara 8,000, aka gano suna cin saiwar si'ida, ciyawar nan da kuke fama da ita a gona. A kusa da Khashmul Girba kuma, tsingaron da aka tono tun shekarun 1980 aka sake dubawa, aka ga sawun ƙaiƙayin dawa a jikin yumɓun, aka bayyana a 2017 cewa tun wajen 3000 kafin Miladiyya mutanen wurin sun fara mayar da dawar daji ta gida. Yana cikin tsofaffin shaidun noman dawa a duniya. Dawar da kuke nomawa, Baba, da wadda ake tuwo da ita a Kano da Sakkwato, tarihinta ya fito ne daga irin tsingaron da mai jihaz ke shurewa da ƙafa.

Saura maganar mutuncin mamaci, wadda na san ita ce a ƙasan zuciyarku. Fatawa ta malamai ce, ku kai wa limaminku, har da maganar rikazi, wato hukuncin dukiyar da aka samu a binne, da samari za su kawo muku. Ni dai na tashi da hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma da shi nake shiga kowane rami. A aikinmu ba a tona maƙabartar Musulmi don bincike. Kabarin Musulmi sananne ne: siriri, mamaci a miƙe a gefen dama yana fuskantar alƙibla, babu kaya. In aka ci karo da shi, rufewa ake yi. Na kafin Musulunci kuwa, mafi yawan abin da aka tona a ƙasar nan ceto ne daga ruwa ko hanya ko gini, kamar aikin da aka yi a Nuba a shekarun 1960 kafin tafkin madatsar Aswan, da na gangare na huɗu kafin madatsar Marawi da aka buɗe a 2009. Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke damuna a tarihin sana'ar: ƙasusuwan mutanen Jabal Moya da suka rage suna Cambridge, Sennuwy tana Boston, an kwashe su a zamanin da ba a tambayar mutanen wuri. Ra'ayina shi ne a nemi yardar jama'a kafin a fara, a yi nazari, abin ya zauna a ƙasarsa cikin mutunci.

Ta fuskar doka, dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ce duk abin tarihi, a binne ko a fili, mallakar ƙasa ne, ba a tono sai da izinin hukumar kayan tarihi da gidajen adana su, kuma wanda ya gani wajibi ne ya sanar. Mai gonar da ya ba da izinin haƙa shi ma ya shiga ciki. Za ku iya cewa, to ina amfanin miƙa wa hukuma, bayan gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum kansa an wawushe shi a yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023? Tambaya ce mai ciwo, kuma ita ce ta ƙara min ƙarfin cewa a bar tudun a rufe. A halin da muke ciki babu ma'ajin da ya kai ƙasa aminci, ga shi kowace shekara hanyoyin bincike na ƙara kyau, abin da ba a iya karantawa yau jikokinku za su iya.

Abin da za ku yi kaɗan ne. Ku ci gaba da kewaye shi da garma yadda iyaye suka yi, ku gaya wa mai tarakta ya bar masa tazarar taku goma, kada a ɗebi duwatsunsa don gini. Ku sa ɗaya daga yaranku ya ɗauki hotonsa ta kusurwa huɗu da waya, ya adana alamar wurin ta taswirar waya, amma kada a watsa a Facebook ko WhatsApp, don haka ne ke jawo masu loda daga nesa. Ku sanar da shehun ƙauye da umda, wato hakimi, su shaida cewa kun hana, sannan a kai labari ofishin asar ko na yawon buɗe ido na jiha, ko sashen ilimin kufai na jami'ar da ta fi kusa. Samarin kuma ku zauna da su ku gaya musu in masana suka zo, su za a fara ɗauka aiki da lada. In damina ta zaizaye gefen tudun har ƙashi ko tukunya ta leƙo, kada a ja, kada a wanke, kada a kai gida. A ɗauki hoto, a rufe da ƙasa mai laushi, a ɗora duwatsu a sama don karnuka da kuraye, sannan a karkatar da hanyar ruwan da 'yar kunya ta ƙasa ta gefen da yake gangarowa.